Jibrilla Maiturare da Baƙin Mai Lamba Casa'in

Shekaranjiya, ko kuwa ranar da ta gabace ta, jikana Sajo ya tsaya a ƙofar zaure da wani abokinsa suna musu a kan baƙin man da ya dace da motarsa. Irin ƙananan motocin Japan ɗin nan ne da suka cika gari. Wannan ya ce mai kauri, wancan ya ce mai ruwa-ruwa, kowa yana kiran lambobi kamar masu rabon gado. Na leƙo na ce musu su bi a hankali, kada su zama Jibrilla Maiturare. Suka ce wane ne shi? Ashe duk wanda ya san shi ya riga mu gidan gaskiya, saura ni. To bari in rubuta, kafin shi ma ya bi sauran abubuwan da suka sulale mini daga kai.

Zamanin Turawa ne, can wajen ƙarshensa, lokacin da in mota ta wuce a Jalingo sai an kwana ana zancenta. Jibrilla yana da rumfar turare a kasuwa, gidansa kuma yana unguwar Kachalla Sembe. Kakansa daga Zariya ya zo da fatauci. A'a, Katsina. Daga Katsina ne. Sana'arsu ta gado ita ce haɗi: ba sa sayar da turare zalla, sai an ɗiga wannan a cikin wancan, an ƙara na uku, an girgiza, sannan a ba shi suna. Ban hana shi ba, hancinsa yana aiki. Abin da ya ɓata shi, bakinsa ya fi hancin aiki nesa ba kusa ba. In ana zancen doki, ya fi mai dokin sani. In ana zancen jirgin ruwan da ke zuwa Lau da damina, ai shi ya taɓa nuna wa matuƙin hanya.

Ya auri Aisatu, 'yar wani dattijon Bafulatani mai shanu a wajen Sunkani, ana kiransa Hammanjoda. Da cikin fari ya tsufa aka mai da ita gidan iyayenta, ta haifi namiji. A al'adarsu mai haihuwar fari ba ta komawa ɗakinta sai ranar da ubanta ya ga dama ya sallame ta, sai a ɗora ta a takarkari da ƙorenta a raka ta. Ranar suna, ana zaune an ci an sha, wani ya tambayi Jibrilla ko yaushe yake sa ran matarsa. Ya gyara babbar riga, ya ɗaga murya yadda surukinsa zai ji daga inda yake zaune.

"Matata ba za ta hau sa ba, kuma ƙafarta ba za ta taɓa ƙasa ba. A mota zan ɗauke ta, daga nan har ƙofar gidana."

Hammanjoda mutum ne mai ƙarancin magana, Hausarsa kuma irin ta masu kiwo ce, komai namiji ne a bakinsa. Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Boɗɗum," wato madalla da Fulatanci. "To. Sai mota ya zo."

Shi ke nan. Jibrilla ba shi da ko keke. Aka yi wata da watanni, yaro ya fara zama, ya fara rarrafe, duk wanda aka aika Sunkani roƙo sai ya dawo da amsa guda: sai mota ya zo.

Kusa da rumfarsa akwai wata mai ƙosai, Balaraba, wadda harshenta ya fi kaskonta zafi. Kullum da safe sai ta gaishe shi.

"Maiturare, an tashi lafiya? Yaya gwauranci? In ƙara maka na dare, ko motar ta iso?"

"Tana hanya, Balaraba."

"Da ƙafa take zuwa ke nan."

Da abin ya ishe shi, ya sayar da gonarsa ta bakin rafi ya nufi Lau, inda wani Bature mai sayen gyaɗa zai koma ƙasarsu yana neman rabuwa da tsohuwar kitikarsa. Kitika ita ce mota mai gida a gaba, bayanta a buɗe da katako don kaya. Sunan kamfanin da ya ƙera ta ya ɓace mini. Koriya ce dai, ko shuɗiya. Baturen ya buɗe gaban mota yana ta bayani ta bakin tafinta, yana nuna nan yana nuna can, Jibrilla kuwa ya samu madubin gefe yana gyara karin hula. Abu ɗaya ya shiga kunnensa: a juye mata baƙin mai kafin a yi doguwar tafiya.

Ya shiga kanti ya ce a ba shi baƙin mai. Akawun kanti yana gyangyaɗi, ya buɗe ido ɗaya.

"Wace lamba?"

"Me kuke da shi?"

"Akwai talatin, akwai arba'in, akwai casa'in. Baturen bai gaya maka wadda take sha ba?"

"Ni Bature zai gaya wa mai? Yaro, a cikin mai aka haife ni. Buɗe su duka."

Aka buɗe gwangwanaye uku. Jibrilla ya naɗe hannun riga, ya ɗiga na farko a bayan hannu, ya murza, ya sansana, kamar yadda yake wa turare. Ya yamutse fuska.

"Wannan an yi masa algus. Dubi yadda yake gudu kamar ruwan tsaki."

Ya gwada na biyu, ya ce wannan na akawuna ne da masinjoji. Da ya tsoma yatsa a na uku ya ɗago, man ya biyo yatsan yana yauƙi kamar zuma. Fuskarsa ta washe. A wurin mai turare, abin da ya fi kauri shi ne asali, mai ruwa-ruwa kuwa na talaka ne.

"Ga uwar mai nan kuna ɓoyewa."

Akawu ya yi hamma ya ce, "Na dai ga masu manyan motoci suna kwanciya a ƙarƙashi in za su zuba wannan."

"Su suka sani. Ni ban saba kwanciya a ƙarƙashin kowa ba. Ta sama zan zuba."

Ya taɓa zama kusa da wani direba daga Yola zuwa Numan, a nan ya ce ya koyi tuƙi. Yadda ya iso Jalingo da rai, Allah kaɗai ya sani, amma ya iso, da dangar wani Bamumuye rataye a gaban mota. Washegari ya sa aka share ƙarƙashin ƙiryar da ke ƙofar gidansa, ya aika a kira mutane su zo su ga juye. Ni ma na je, lokacin ina saurayin malami, ina koyarwa a unguwar. Ya kwance ƙusar ƙasa, tsohon mai ya tsiyaye a tasa, ya ɗaga tasar yana nuna wa jama'a.

"Ku dubi abin da Bature yake shayar da ita. Dole ta rame."

Ya sa mazurari ya fara zuba lamba casa'in. Man ya ƙi sauka, ya tsaya a mazurari yana tunani. Sai da aka yi ta zungurarsa da tsinke. Wari kuwa kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Mutanen da ke gaba suka ja da baya.

A lokacin ba a tayar da mota da mabuɗi kaɗai. Akwai wani ƙarfe mai lanƙwasa da ake zura mata ta hanci a murza. Kashegari da safe Jibrilla ya kama ƙarfen nan ya murza, ya ƙi juyawa. Ya tuɓe riga ya murza. Ya kira mahauta biyu suka taya shi. Motar ta yi tari ɗaya kamar tsohon da aka tasa daga barci, ta koma.

Balaraba ta ajiye kwandonta ta tsaya kallo. "Maiturare, ko ta ƙoshi ne? Ka san wanda ya cika ciki ba ya son aiki."

"Ke me kika sani? Mai ne na sarauta, ya yi mata ƙarfi. Sai an sassauta shi."

Nan jinin gado ya motsa. Ya tsiyaye rabi, ya cika da kananzir, ya sa mahautan suka riƙa jijjiga motar hagu da dama don haɗin ya gauraya, yadda yake girgiza kwalba. Abin mamaki, ta tashi. Yara suka yi sowa, Jibrilla ya zagaya unguwa yana matsa ƙaho. Sai dai ta koma ƙara kamar ana zazzage tsakuwa a garwa, kuma duk inda ta tsaya sai ta bar ɗan tafki baƙi a ƙasa.

Ya kasa kunne a jikinta, ya ce haɗin ya rasa jiki. Ya nufi wurin Balaraba da kwalba.

"Ki auna mini man gyaɗa."

"Na suya ko na mota?"

"Mai dai mai ne."

"To sabo zan ba ka, ko wanda ƙosai ya riga ya yi wanka a ciki? Na ga kamar ba ta da zaɓen abinci."

Ya zuba man gyaɗa, ƙarar ta ɗan lafa. Amma yanzu hayaƙin da ke fita ta baya ya haɗa ruɓaɓɓen ƙwai da fitila da suya. Liman ya aiko a gaya masa, don Allah kada ya riƙa wucewa ta masallaci lokacin salla. Wannan kuwa aikinsa ne na gado. Ya ɗauko kwalbar turare mafi ƙarfi a rumfarsa, wanda ake shafa wa ango, ya juye a ciki. Tun daga ranar ban ƙara shaƙar turaren nan ban ji amai ba.

Da yamma ya zauna a kan hancin mota ya tara masu sauraro. Ya ce ya gano abin da Turawa suka kasa ganowa: su mai ɗaya suke zubawa, ba su san haɗi ba. Ya raɗa masa suna Haɗin Maiturare. Ya ce nan da baɗi duk motar da ke bin hanyar Yola da Wukari a rumfarsa za ta sha mai, kantin Lau zai rufe, akawun nan mai gyangyaɗi zai zo neman aikin wanke kwalabe.

Ana cikin haka sai ga Njidda, ƙanin Aisatu, mai kiranta Adda, ya kawo bijimi kasuwa. Magidanci ne da gemunsa, amma tsakanin mutum da ƙanin matarsa akwai wasa, shi kuwa Njidda ba ya barin bashin wasa ya kwana. Ya zagaya motar, ya toshe hanci da gefen rawani.

"Mijin Adda, ita ce wannan? Tun yaushe ta mutu?"

"Ka je ka gaya wa Baba ya shirya. Ranar kasuwa mai zuwa zan zo. Kuma ta tsakiyar kasuwa zan shigo da ita, kowa ya gani."

"Zan gaya masa. In ce ya saurari ƙara, ko ya saurari wari?"

Jibrilla ya roƙe ni in raka shi, saboda addu'ar hanya. Na yi addu'a iyakar abin da na sani. Tafiyar zuwa ba ta yi muni ba, in ban da layin baƙin mai da muka shimfiɗa tun daga Jalingo, wanda ko makaho zai bi ya same mu. Muna isa rugar, shanu suka ɗaga jela suka watse. Hammanjoda ya fito da sandarsa, ya dubi shanunsa suna shiga daji, ya dubi mota. Jibrilla ya tuɓe takalmi ya durƙusa daga nesa, kansa a ƙasa, kamar yadda suruki ke yi. Dattijon ya ce, "Mota ya zo." Ya juya ya ce a fito da kaya.

Aka loda ƙore da tabarmi da tukwane. Daga ƙarshe aka kawo wata ƙwarya rufe da faifai, cike da curin man shanu, Aisatu ta ajiye ta kusa da ƙafarta. Ta hau baya da goyonta, ni da Njidda muka zauna gefe. Sai Hammanjoda ya buɗe ƙofar gaba ya shiga ya zauna. Ya ce an ce har ƙofar gida, yana son ya ga ƙofar da idonsa.

Jibrilla bai yi tsammanin wannan ba. Tun da ya yi aure bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba, balle haɗa kafaɗa. Kunya ba ta bar shi ya yi masa magana kai tsaye ba, shi ma dattijon haka. Don haka kowa ya juya fuska ga tagarsa. In Jibrilla yana da magana sai ya leƙa ta taga ya faɗa wa Njidda a baya, Njidda ya rarrafa ɗaya gefen ya faɗa wa ubansa ta tasa tagar, alhali mutanen nan biyu gwiwarsu tana gugar juna.

"Njidda, ka tambayi Baba ko ya ji daɗin zama."

Njidda ya rarrafa. "Baba, wai in ka iya addu'a ka fara."

Dattijon ya ce da tagarsa, "Gaya masa ya dubi hanya."

Njidda ya rarrafo. "Wai ya yafe maka, ko da ba ku ƙara ganawa ba."

Mun yi kamar rabin hanya, ƙarar tsakuwar nan ta dawo, ta zama ƙarar maƙera. Jibrilla ya tsaya a ƙarƙashin wata ɗorawa, ya ce a gaya wa Baba mota za ta sha iska. Ya ɗaga murfin gaba, wanda ya tare shi daga idon dattijon, ya zaro sandar awon mai. A bushe take ƙayau. Haɗin Maiturare duk yana kwance a kan hanya. Ragowar gwangwanin kuma ya baro shi a rumfa, ya jera a kwalabe don masu saye.

Ya zagayo baya yana zufa, ya yi ƙasa da murya.

"Njidda, akwai wani mai a cikin kayan nan?"

"Akwai man kitso na Adda. Motar za ta yi kitso ne?"

"Ka bar wasa. In ba mai, nan za mu kwana."

"Mu ai mun saba kwana a daji. Kai ne za ka koma ka ci ƙosan dare."

 Aisatu kuwa, a gaban ubanta ko kallon mijinta ba ta yi. Amma ta gaji da zaman gida, kowa ya san haka, ƙawayenta da suka haihu bayanta duk sun koma ɗakunansu. Na ga ƙafarta ta fito daga ƙarƙashin zane, ta tura ƙwaryar nan mai faifai a hankali har bakin katako.

Jibrilla ya buɗe, ya lakata, ya shafa a bayan hannu, ya sansana. Ko a wannan hali bai fasa ba.

"Malam, ka ga ikon Allah? Abin da haɗin ya rasa ke nan tun farko. Mai sanyi ne, zai kwantar da zafin kananzir."

Na ce ni dai addu'a aka kawo ni yi.

Ya riƙa cusa curi-curi a bakin injin da yatsa, zafi yana narkar da shi yana ƙyar-ƙyar, har ƙwarya ta koma wayam. Muka murza, ta tashi. Ƙarar ma ta kwanta, har Jibrilla ya fara waƙa a ciki-ciki. Ba mu yi nisa ba ƙamshi ya cika gidan gaba, irin na ranar da ake toya mai don tuwon biki. Hammanjoda ya ɗaga hanci. 

"Njidda."

"Na'am, Baba."

"Tambayi mijin 'yar'uwanka, mota yana cin tuwo ne?"

Njidda ya rarrafa ya isar, wannan karon bai ƙara ko kalma ba, don ba ta bukatar ƙari. Jibrilla ya ce a gaya wa Baba wata ruga muka wuce ana suya. Dattijon ya dubi daji, babu ruga, babu hayaƙi sai namu. Ya ce da taga, "Man shanuna ne." Njidda ya sha rantse mini daga baya cewa har saniyar ya ambata. Wannan ban ji da kunnena ba.

Da muka doshi gari akwai hanyar da za ta kai mu Kachalla Sembe ta baya, babu hawa, babu jama'a. Na leƙa na gaya masa. Ya ce ya riga ya yi wa kasuwa alkawari.

Haka muka shiga kasuwar Jalingo rana ta take, tana cike. Karnukan mahauta ne suka fara tarbarmu, suka jeru a baya suna lasar hanya. Ƙudaje suka taso daga rumfar nama suka koma kanmu. Jibrilla yana matsa ƙaho, hannu ɗaya a waje yana amsa gaisuwar da ba a yi masa ba. Kumfa mai ruwan ƙasa ta fara ɓulɓulowa ta gefen murfi. Motar ta fara tafiya kamar mai ɗingishi. Daidai gaban kaskon Balaraba ta yi wata ƙara guda, kamar an sauke guduma a kan maƙera, ta girgiza, ta yi tsit.

Daga nan inda muka tsaya ana hango kan ƙiryar ƙofar gidansa.

Ya fito ya zura ƙarfe ya murza. Ko motsi. Mahautan nan biyu suka zo suka hau ƙarfen da ƙafa, ya lanƙwashe, injin bai juya ba. Ya ɗaga murfi, hayaƙi ya turnuƙe, da ya washe sai ga injin ya yi baƙi ya daskare kamar ƙanzon tukunya. Jama'a suka kewaye mu.

Balaraba ta miƙe da matsaminta a hannu ta leƙa.

"Maiturare, ai ka bar ta ta ƙone. Da ka kira ni na kwashe maka tun tana ja."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Wani ya ce a kawo gishiri. Wata ta ce a tambaye shi ko haɗin nan ana sayar da shi a ludayi. Na dubi Hammanjoda, yana zaune a gaba, ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Dattijon dariya yake. Ya yafito Njidda ya yi masa magana da Fulatanci, ina jin kaɗan-kaɗan. Cewa ya yi, yaron nan ya sha wuya ya isa, a samu samari su tura motar zuwa ƙofar, shi zai kau da kai ya ce mota ce ta kai ta. Njidda ya fara kiran mutane. Aisatu ta gyara goyo, ta fara tattara ƙorenta.

Da Jibrilla ya yi shiru na ɗan lokacin da mutum zai sha ruwa, da ya kwana da iyalinsa a ranar. Amma Balaraba ta ƙara cewa, "To yanzu masu motocin Yola a ina za su sha mai?" Sai ya haye kan taya, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku saurara. Haɗina ba shi da laifi. Haɗina ya kai mu Sunkani lafiya, Malam shaida ne. Abin da ya kashe motar nan man shanun daji ne. Rabinsa ruwa ne, rabi tsamin nono. Wanda ya cure shi ko ƙwarya bai iya wankewa ba. Ni da hancina na ji algus tun a hanya, don dai babu yadda zan yi ne. Da man shanun kirki ne irin na Katsina, da yanzu muna gida."

Dariya ta tsaya. Matan Fulani masu tallan nono, waɗanda ke zaune a layi kusa da wurin, suka ajiye ludayi. Hammanjoda ya saki rawaninsa, ya buɗe ƙofa ya fito a hankali, ya tsaya dogare da sanda.  Aisatu ce ta yi magana, karo na farko tun safe, ba ta ɗaga murya ba amma duk wanda ke kusa ya ji.

"Njidda."

"Na'am, Adda."

"Gaya wa wancan, ni na kaɗa nonon, ni na cure man. Tun farkon damina nake tara masa, don ya ce tuwon gwauranci ya ishe shi."

Njidda ya juya zai isar. Jibrilla ya sauko daga taya, ya ce ya ji.

"Gaya masa kuma, ya ce ƙafata ba za ta taɓa ƙasa ba. Kada a karya masa magana. A nemo mini sa."

Masu nono ba su jira an roƙe su ba. Nan da nan aka jawo wani takarkari fari da ya kawo kaya kasuwa, aka tsayar da shi jikin katakon mota. Aisatu ta taka daga mota zuwa bayan sa, da goyonta. Matan suka kwashe ƙore suka ɗora a ka, har da ƙwaryar da ta koma wayam.

Jibrilla ya manta da kunya, ya sha gaban surukinsa ya zube, hula a hannu.

"Baba, ga gidan can. Ga itacen ana gani. Tura ta kawai za a yi."

Hammanjoda ya dubi ƙiryar, ya daɗe yana dubanta, kamar mai son ya riƙe kamanninta. Sannan ya dubi surukinsa ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Ni na yarda a tura. Shi ne bai yarda ba." Ya nuna 'yarsa da sanda. "Ka gaya wa Njidda, Njidda ya gaya masa."

Njidda kuwa ya riga ya kama igiyar sa ya yi gaba.

Motar ta daɗe a wurin. Sarkin kasuwa ya yi ta aike a ɗauke ta, daga baya ya gaji, masu doya suka riƙa kasa kaya a bayanta. Aisatu ta dawo, ba na ce ba ta dawo ba. Ko bayan damina ɗaya ne ko biyu, nan kam kaina ya ƙi ba ni. Abin da nake gani har yanzu kamar yau, ranar da suka iso, yaron da kansa ya tako daga bakin hanya har zaure. Jibrilla ya durƙusa ya buɗe hannu zai rungume shi. Yaron ya tsaya, ya dube shi sama da ƙasa, ya juya ya tambayi uwarsa da Fulatanci ko wane ne wannan mai warin.